Tarin Mandelbrot

Tarin Mandelbrot rukunin lambobi ne da ake samu ta maimaita ƙa'ida guda a lissafi: a ɗauki wata lamba z, a yi ta sau kanta, a ƙara wata lamba c wadda ba ta canzawa, abin da ya fito a sake zuba shi cikin ƙa'idar. Daga sifili ake fara z. Lambobin da ake aiki da su haɗaɗɗu ne, masu ɓangare biyu, ɗayan na ɗauke da i, wadda in an yi ta sau kanta take ba da −1. Kowace lamba ɗigo ce a kan shimfiɗaɗɗen fili.

Ɗalibi a Agege ko Idi-Araba zai iya gwadawa da kalkuletar wayarsa. In c ta zama 1, sai a samu 0, 1, 2, 5, 26, 677, lamba ta tsere ba waiwaye. In c ta zama −1, sai 0, −1, 0, −1, tana kai da komo kamar ɗanfo tsakanin tasha biyu. Duk c ɗin da lambobinta ba su tsere ba tana cikin tarin. Da zarar girman lamba ya haura 2, ta tafi ke nan.

Fannin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1870 Bajamushe Ernst Schröder ya nemi wata ƙa'ida da za ta mayar da maimaitawa ta zama ninkawa kawai, wato φ(f(z)) = sφ(z), inda f ita ce ƙa'idar da ake maimaitawa, φ ita ce wadda ake nema, s kuma lamba ce. A irin wannan daidaito, abin nema ƙa'ida ce sukutum, ba lamba ba. A 1884 Gabriel Koenigs ya tabbatar akwai amsa kusa da ɗigon da ba ya motsi, wato wanda f ke bari a inda yake, muddin girman s na tsakanin 0 da 1. Gaston Julia da Pierre Fatou a Faransa suka zurfafa nazarin daga 1918 zuwa 1920, da alƙalami da takarda kawai, abin da ya cancanci jinjina.

A 1980 Benoit Mandelbrot, yana aiki a kamfanin kwamfuta na IBM a Amurka, ya fitar da hotunan tarin. Dukiyar tana bakin iyakar tarin: duk yadda aka faɗaɗa hoton, sai ƙananan kwafin siffar su riƙa ɓullowa. Adrien Douady da John Hubbard sun tabbatar a 1982 cewa tarin a haɗe yake, zare siriri na riƙe da kowane ɗan kwafi.