Wutar Cek Injin da Lambar P0420: Laifin Mai Ne ko na Indomi?

Da yawa daga cikin motocin da ke yawo a Kano 'yan Kwatano ne, sun sha aiki a Amurka ko Turai kafin su iso nan. Idan aka sa wa irin waɗannan kwamfuta, akan ga lambar P0420 sosai. Da ta fito sai mai mota ya ce man da ya sha jiya ne, bakanike kuma ya ce indomi ce ta mutu, a yanke ta a huta. Ga tambayoyin da masu mota suka fi yi a kai.

Malam, me lambar take nufi tukuna?

Indomi ita ce tukunyar nan da ke jikin salansa kusa da inji. Cikinta ƙananan ramuka ne reras kamar saƙar zuma, an shafe su da ƙarafa masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Aikinta shi ne ta ƙarasa ƙone gubar da ke cikin hayaƙi kafin ya fita.

Akwai sensar oksijin guda biyu, ɗaya kafin indomi, ɗaya bayanta. A tsofaffin motoci ta gaba kullum cikin hawa da sauka take, tsakanin bolt 0.1 da 0.9 a ma'aunin lantarki. Indomi mai lafiya tana riƙe oksijin, saboda haka ta baya takan natsu wuri ɗaya. Ran da ta baya ta fara bin sawun ta gaba, sai kwamfutar mota ta rubuta P0420. Idan injin V6 ne kuma ɗaya ɓangaren ne, P0430 za ka gani. Kwamfutar ba ta leƙa cikin indomi ba, ba ta kuma auna man da ke tanki ba. Sensa biyu kawai ta kwatanta, ta ce aikin bai kai ba. Dalilin kuwa sai an nemo shi.

To ina oktan ya shigo cikin maganar?

Oktan ma'auni ne na yadda fetur ke jure matsi da zafi ba tare da ya kama da kansa ba. Ba shi ne ƙarfin mai ba, ba kuma tsabtarsa ba. Idan ya yi ƙasa da abin da inji ke buƙata, sai ragowar man da ke cikin silinda ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta kai gare shi. Shi ne ƙarar nan ƙyas-ƙyas da ake ji idan an taka mota a kan gadar Ƙofar Nasarawa da kaya a but.

Injin da ke da sensar jin wannan ƙara yakan kare kansa: kwamfuta ta jinkirta wutar fulogi. Ƙarar ta lafa, amma ƙunar takan zo a makare, hayaƙi ya fita da zafin da ya wuce na kullum, indomi ce kuma ke karɓarsa. Tanki ɗaya ba ya kashe ta. Shekara da shekaru ana haka ne ke tsufar da ita. Tsohon inji ya fi shiga wannan hali, domin baƙin datti ya taru a kan fistin, ga zafin Afrilu a Kano da kan haura digiri 40.

Wato akwai alaƙa, amma doguwa ce. A ganina, idan aka jera masu laifin P0420, ƙarancin oktan shi kaɗai yana can baya.

Littafin motata ya ce 87. Ke nan man da muke sha ya fi ƙarfinta ko ya gaza?

Ma'aunin ne ya bambanta. Amurka tana rubuta matsakaicin gwaji biyu, yawancin duniya kuma suna amfani da ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira RON. Abin da Amurka ke kira 87 ya yi daidai da kusan 91 zuwa 92 a RON. Yawancin Corolla da Camry da Accord da aka yi wa kasuwar Amurka 87 ɗin suke nema. Wasu Mercedes da BMW kuwa 95 suke so ko fiye. Duba cikin murfin tanki, akan rubuta. Gidajen mai a nan galibi fetur iri ɗaya suke sayarwa, don haka mai irin waɗannan motoci ya fi kowa buƙatar kasa kunne ga injinsa.

Amma ni dai bayan na sha man bumburutu wutar ta kama. Ba hujja ba ce?

Hujja ce, sai dai matsalar a nan gurɓata ce, kuma ta fi ƙarancin oktan muni. Man da ya haɗu da ruwa ko kananzir ko wani sinadari ba ya ƙonewa daidai. Inji ya riƙa tsallake wuta, ɗanyen mai ya gangara salansa ya je ya kama a cikin indomi. Zafin da ke tashi a nan yana iya narkar da ramukan nan su toshe. Ba a bakin titi kaɗai ake gamuwa da wannan ba: a Fabrairun 2022 hukumomi da kansu sun sanar cewa an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima cikin ƙasar.

Idan haka ne ya faru, da wuya P0420 ta zo ita kaɗai. Za a ga P0300 mai nuna tsallaken wuta, ko P0301 zuwa P0304 masu nuna silindar da ke tsallake. Idan kuma wutar cek ɗin ƙyaftawa take yi, ba tsayawa ta yi cak ba, ka gangara ka kashe mota. Ma'anar ƙyaftawar ita ce tsallaken ya kai matakin da zai lalata indomi.

Na canza gidan mai, bayan kwana biyu wutar ta mutu. Shi ke nan?

Mai yiwuwa indominka tana bakin gaɓa ne. Sulfa mai yawa a cikin fetur yana rage mata kuzari na ɗan lokaci, har a ji warin ruɓaɓɓen ƙwai daga salansa. Mai mai kyau da doguwar tafiya, a ce daga Kano zuwa Zariya, sukan farfaɗo da ita. Kwamfuta takan kashe wutar da kanta idan gwajin ya ci sau uku a jere. Cire kan batir kuwa goge lambar kawai yake yi, za ta dawo.

Ya batun kwalaben ƙara oktan da ake sayarwa?

Karanta jikinsu. Wanda ke ɗauke da manganis, da ake rubuta MMT, yana barin jan datti a kan fulogi da sensa da indomin kanta. Gyara bai kamata ya zo da wata ɓarna ba.

Me ya kamata bakanike ya duba kafin ya kira mai walda?

Nan ne ake asarar kuɗi. Ya fara karanta duka lambobin, ba ta farko kaɗai ba. P0171 na nufin iska ta yi yawa, P0172 mai ya yi yawa, P0128 inji ba ya kaiwa zafin aikinsa. Wannan ta ƙarshe ta shafe mu ƙwarai, domin al'ada ce a garejojinmu a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai saboda zafin gari. Injin da ba ya ɗumama yadda ya kamata ya fi shan mai, ragowar kuma indomi ce ke haɗiye ta.

Sannan ya bar kwamfutar a jone, inji na aiki da zafinsa, ya kalli yadda sensar baya ke motsi. Ya lura cewa Toyota da Honda da yawa suna da wata irin sensa a gaba wadda ba ta hawa da sauka irin na da, kada ya ce ta mutu. Ya nemi huji ko tsagewa a salansa kusa da sensa, don iskar da ke kutsawa ta nan tana rikita lissafin. Ya kwance fulogi ya ga launinsu, ya gwada kwayil, ya duba matatar iska, musamman bayan hunturu. Ya tambaye ka ko kana ƙara baƙin mai tsakanin juye da juye, ko ruwan lagireto na raguwa. Injin da ke cin baƙin mai ko gaskit ɗinsa ya ƙone yana shafe indomi da dattin da ba ya wankuwa.

Indomin da ta mutu da gaske tana da alamunta. Idan ta farfashe, ka bubbuga ta a sanyi za ka ji kwaramniya a ciki. Idan ta toshe, mota ba ta ja komai takawarka.

Tsohuwar Peugeot 504 ɗina fa?

Ba ruwanta da wannan. Tsarin lambobin ya zama dole ne a motocin Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga masu fetur. Mota mai kafireta da aka haɗa a Kaduna ba ta da indomi balle sensa. Ita da kunne ake gane ƙarancin oktan.

Idan ta tabbata ta mutu, in cire kawai?

Motar za ta tashi ta yi tafiya, amma wutar cek za ta zauna a kunne, ran da wata matsala ta zo ba za ka sani ba. Hayaƙin da za ta riƙa fitarwa kuma masu Adaidaita Sahu da 'yan talla da ke bayanka a cunkoso ne za su shaƙa. Ka kuma tuna ko matacciyar indomi kuɗi ce saboda ƙarafan cikinta, don haka idan an cire, a miƙo maka abarka.

Idan za ka nemi ta hannu a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ɗaga ta sama ka haska da tocila: ramukan su kasance a buɗe, ba narkewa, ba motsi idan an girgiza. Kafin a ɗaura, a gyara tsallaken wuta ko cin baƙin man da ya kashe ta farko, sannan a goge lambar a yi 'yan kwanaki ana hawa kafin a sake sa kwamfuta.