Medigap da Part D: tambayoyin da 'yan uwanmu na Amurka ke yi idan Baba ko Mama sun kusa 65

Yawanci ba tsofaffin bane ke tambayar wace inshorar lafiya za'a ƙara kan Medicare, 'ya'yansu ne, musamman idan takardun kamfanonin inshora suka fara cika akwatin wasiƙa kowa na cewa nasa ne mafi kyau. Na haɗa tambayoyin da suka fi yawa wuri ɗaya. Kuɗaɗen da na ambata na shekarar 2025 ne, duk shekara ana ɗan canza su.

Ai Medicare ta gwamnati ce, me kuma za'a ƙara saya?

Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga masu shekara 65 zuwa sama, tun 1965 take, amma bata biyan komai da komai. Part A na kwanciya asibiti ne, wanda yayi aikin shekara 10 yana biyan haraji (ko mijinta ko matarsa yayi) baya biyan kuɗin wata a kansa. Part B na ganin likita da gwaje-gwaje ne, dala 185 a wata. Toh inda matsalar take shine Part B kashi 80 cikin ɗari kawai yake biya, sauran 20 ɗin naka ne kuma babu iyaka, babu inda za'a ce maka ya isa haka. Idan ganin likita ne sau biyu a shekara ba wani abu bane, amma ka ɗauka Allah ya jarrabi mutum da ciwon daji ko ana masa wankin ƙoda sau uku a sati, kashi 20 ɗin nan sai ya cinye duk abinda mutum ya tara. Ga kuma dala 1,676 da zaka fara biya idan aka kwantar da kai, kuma ba sau ɗaya a shekara bane, in ka fita ka wuce kwana 60 aka sake kwantar da kai zaka sake biya. Medigap inshora ce ta kamfanoni masu zaman kansu wadda ke toshe waɗannan ramukan.

Naga ana cewa Plan G, Plan N, wanne zamu ɗauka?

Abu na farko da zai kwantar maka da hankali, gwamnati ce ta tsara haruffan nan na Medigap, saboda haka Plan G na wannan kamfanin da Plan G na wancan abu ɗaya suke biya, farashi ne kawai ya bambanta. Kar wani dillali ya ce maka nasu G ɗin yafi na wasu. Jihohi uku ne kawai suke da nasu tsarin daban, Massachusetts da Minnesota da Wisconsin.

G yana ɗauke kusan komai banda dala 257 na farkon shekara na Part B. N yafi araha a wata amma zaka rinƙa bada har dala 20 idan kaje ganin likita, har dala 50 a ɗakin gaggawa idan ba'a kwantar da kai ba, kuma baya biyan ƙarin da wasu likitoci ke ɗorawa wanda zai iya kai kashi 15. Plan F da mutane ke yabo an rufe shi ga duk wanda ya cancanci Medicare daga 1 ga Janairun 2020. Ni dai in Baba na da hawan jini da suga yana yawan zuwa asibiti, G zan zaɓa masa ba tare da dogon tunani ba.

Zamu iya jira sai ya fara rashin lafiya sannan mu saya?

A'a dan Allah, wannan ne wurin da mutane suka fi yin asara kuma shi nafi so a riƙe. Akwai wata shida kacal da suke farawa daga watan da mutum yake da shekara 65 ko sama da haka kuma Part B ɗinsa ya fara aiki. A cikin wata shidan nan babu kamfanin da ya isa ya ƙi sayar maka ko ya ƙara maka kuɗi saboda ciwon da kake da shi. Da sun wuce, a yawancin jihohi kamfani zai tambayi tarihin lafiyarka, zai iya tsawwala farashi ko ya ce baya so gaba ɗaya, kuma damar bata dawowa duk shekara. Masu zama a Niyok, irin 'yan uwanmu na Bronx, su sun samu sauƙi domin dokar jiharsu ta tilasta wa kamfanoni su sayar a kowane lokaci, haka ma Connecticut. Amma wanda yake Texas ko Georgia ko Ohio kar ya ji labarin ɗan uwansa na Bronx ya ɗauka shima haka abin yake.

Wani abu kuma, masu tuƙin tasi da masu sana'ar kansu da suke kan inshorar Obamacare, ita bata baka damar jinkirta Part B. Duk shekara ɗaya da ka makara ana ƙara maka kashi 10 a kuɗin wata, har ƙarshen rayuwa.

Wanda ake talla a talbijin fa, wai ba'a biyan ko sisi a wata?

Wannan Medicare Advantage ne, hanya ce daban, ba'a haɗa shi da Medigap. Yana da amfaninsa gaskiya, yawanci magani na ciki, wasu da haƙori da tabarau waɗanda asalin Medicare bata kulawa da su. Sai dai Part B ɗinka zaka cigaba da biya, yawanci likitocin da kamfani ya lissafa kawai zaka gani, wasu ayyukan sai an nemi izini tukunna, kuma a shekarar da ciwo yayi tsanani zaka iya kashe har dala 9,350. Wanda ya shiga tun farko yana 65 yana da wata 12 na gwaji, in bai masa ba zai iya komawa ya sayi Medigap ba tare da binciken lafiya ba.

Mama tana zuwa gida duk shekara, ga Umara, zai yi mata aiki a can?

Medicare bata biyan asibiti a Kano ko Yamai ko Kumasi ko Makka. G da N suna ɗan taimakawa, amma na gaggawa ne kawai, a cikin kwana 60 na farkon tafiya, kai zaka fara biyan dala 250 sannan su biya kashi 80, kuma dala 50,000 ce iyakar a tsawon rayuwa. A ajiye duk rasit. Idan kuma tana kan Advantage ta wuce wata shida a waje, kamfani na iya cire ta, shiyasa ga iyayenmu masu raba shekara biyu nake ganin asalin Medicare da Medigap yafi kwanciyar hankali. Magani kuma a karɓi na kwana 90 kafin a hau jirgi, Part D, wato inshorar magani ta Medicare, baya biyan wanda aka saya a kemis ɗin gida.

Baba baya shan magani ko ɗaya, dole ne Part D?

Ba dole bane amma akwai tara. Medigap na yanzu babu magani a ciki, Part D da aka fara a 2006 daban ake sayensa. In ka zauna kwana 63 ko fiye babu inshorar magani da gwamnati ta yarda da ita, duk wata ɗaya ana lissafa maka kashi 1 na dala 36.78, wato shekara biyu ta zama wajen dala 8.80 ƙari a kowane wata har abada. Gara a ɗauki mafi araha a ajiye.

Yaya ake zaɓen Part D ɗin?

Ka kwaso duk kwalaben maganin ka zauna da su, ka shiga shafin Medicare.gov ka rubuta sunan kowanne da ƙarfinsa da kemis ɗin da kuke zuwa, zai jera maka tsare-tsaren da jimillar kuɗin shekara. Jimillar zaka kalla, kar kuɗin wata ya ruɗe ka, domin kowane kamfani yana da jerin magungunan da ya yarda zai biya kuma mai arahar wata zai iya zama babu maganin Baba a ciki. Jerin nan yana canzawa, a watan Satumba suke aiko takardar sanarwa, a karanta ta, sannan daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba ake iya canza tsari. Abin farin ciki, dokar 2022 ta sa iyaka ga abinda zaka kashe a shekara kan magungunan da ke cikin jerin, a 2025 da aka fara dala 2,000 ce, insulin kuma baya wuce dala 35 a wata.

Idan babu halin biyan duk wannan fa?

A nemi Extra Help ta ofishin Social Security, yana rage kuɗin magani sosai kuma yana ɗauke tarar makara, sannan a duba ko an cancanci Medicaid, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, a jiharku. Iyayen da aka kawo da girin kad basu yi aiki a ƙasar ba, sai sun yi shekara biyar a jere kafin su iya sayen Medicare. Kowace jiha tana da masu bada shawara kyauta da ake kira SHIP, a Niyok sunansu HIICAP, basa sayar da komai kuma basa cin kamasho, in Baba baya jin Turanci sosai ka raka shi ko ku nemi a haɗa ku da tafinta.