Zomon da ya ƙi cin abinci ba ya jiran yunwa

An daɗe ana cewa idan zomo ya ƙi ci, a ƙyale shi, yunwa za ta koro shi. Wannan kuskure ne mai kisa. Hanjin zomo sai da ciyawa yake motsi. Da ya daina ci, motsin ya ragu, iska ta taru, ciki ya yi ciwo, ciwon kuma ya ƙara hana shi ci. Ga shi ba ya iya amai.

Awa 12 ba ci ba kashi, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Kafin nan a taɓa cikinsa. In ya kumbura ya yi tauri, kada a ɗura masa komai, wataƙila hanji ne ya toshe. In da laushi, a jiƙa abincinsa na ƙwaya (pellet) ya zama kunu, a ba shi kaɗan-kaɗan da sirinji marar allura ta gefen baki, a kuma ɗumama shi.

Amoxicillin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, in an ba da ita ta baki tana iya kashe zomo, domin tana hallaka ƙwayoyin hanjinsa masu amfani. Likita ya duba haƙora ma, sau da yawa can matsalar take ɓuya.