Me ake nufi da "Infante" a gidan sarautar Sifaniya?

Mai bin labarin gidan sarautar Sifaniya zai lura ana kiran Leonor, babbar 'yar Sarki Felipe na Shida, Gimbiyar Asturiyas, amma ƙanwarta Sofiya sai a ce mata Infanta. Mu da Hausa duk gimbiya muke cewa, a nan kuwa bambancin yake ɓacewa.

Infante ga namiji, infanta ga mace. Asalin kalmar Latin ce, tana nufin jaririn da bai fara magana ba. A yau ɗan sarki ne wanda ba shi ne magaji ba, ko da ya yi furfura. Tun 1388 aka keɓe wa magaji sarautar Asturiyas. Kafin nan shi ma infante ake ce masa.

Yanzu sunan girmamawa ne kawai. A Kastila, tsohuwar masarauta a Sifaniya, a ƙarni na 13 kuwa, infante na da ƙasa da dakaru da jinin sarauta, gadon mulki ne kaɗai ya fi ƙarfinsa. Ni ban ga wanda rayuwarsa ta fassara kalmar nan kamar Enrike ba, ɗan Sarki Fernando na Uku na Kastila, wanda aka haifa a 1230. Da shi aka ci birnin Ishbiliya (Sevilla) daga hannun Musulmi a 1248. Da wansa Alfonso na Goma ya hau mulki, sai ya hana shi garuruwan da mahaifinsu ya yi masa alkawari. Enrike ya yi tawaye a 1255, aka fi ƙarfinsa, ya bar ƙasar.

Daga nan fa sai yawon duniya. Ya yi shekaru a Tunis yana yi wa sarkin Musulmi, al-Mustansir, aikin soja, shi da ya gama yaƙar Musulmi a Andalus. Ya haye Italiya, a 1267 ya zama sanatan birnin Rum, wato mai mulkin birnin. Shekara na zagayowa aka kama shi bayan ɓangarensa ya sha kashi a yaƙin Tagliyakozo a can Italiya, ya shafe fiye da shekara 20 a kurkuku. Tausayinsa nake ji a nan: ya shiga da ƙarfinsa, ya fito dattijo.

Bayan Enrike ya koma gida, Sarki Sancho na Huɗu, ɗan Alfonso, ya rasu a 1295, ya bar yaro ɗan shekara 9. Enrike ya zama mai riƙon ƙwarya tare da uwar yaron, Mariya ta Molina. Ya riƙe mulkin Kastila da sunan jikan wansa, ya rasu a 1303, har lokacin infante ake kiransa.