Efidimiyolojin zuciya: likitan da unguwa ce majinyacinsa

Ƙanena likita ya samu gurbin horon bincike a Amurka, abin da 'yan boko ke kira feloshif, kan efidimiyolojin cututtukan zuciya, wato nazarin waɗanda ciwon ke kamawa cikin jama'a da dalilinsa. Da ya kai wa Hajiya labari a Tudun Wada, sai ta ce, "Kai da ka gama karatu, me kuma ya rage? Ciwon zuciya ana ɗauka ne kamar kwalara?"

Feloshif dai shekara biyu ko uku ce da wanda ya riga ya zama likita, ko ya yi digirin digirgir, zai yi a hannun gogaggen mai bincike. Ana biyansa alawus, yana koyon aiki kamar yaron shago wajen maigidansa.

Tambayar Hajiya ta biyu ta fi nauyi, domin asalin efidimiyoloji ilimin annoba ne: wa ya kamu, a ina, me ya haɗa su. Da shi wani likitan Ingila, John Snow, ya gano a 1854 cewa famfon ruwa guda ne ke raba wa wata unguwar Landan kwalara. Daga baya aka juya dabarar kan cutar da ba a ɗauka. A 1948 aka fara bin mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, ana auna su duk bayan shekara biyu, ana lura da wanda zuciya za ta kayar. Daga nan aka tabbatar hawan jini, sigari, kitsen jini da ciwon suga ne ke share wa ciwon zuciya hanya.

Likitan asibitin Barau Dikko da ke Kaduna yakan ga mutum bayan ɓarin jikinsa ya shanye, wani lokaci ma sai an gama zagayen masu maganin iska. Mai wannan ilimi kuwa aikinsa shiga Rigasa da na'urar awo, gida-gida. Nawa ne jininsu ya kai 140 bisa 90, wato ya hau, ba su sani ba? Nawa suka ajiye magani don kai ya daina ciwo? Dunƙulen Maggi nawa ake murzawa a tukunyar miyar kuka? Da yake Maggi gishiri ne da shi, yawan gishiri kuma na tayar da jini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba. Ni kam ina zargin yajin tsiren dare kaɗai ya ci rabin wannan kason.

Hajiya ta ce a ƙyale mata tukunyarta. Amma ta miƙo hannu aka auna.