Ƙarfen da ke narkewa a tafin hannu: amsa ga mai gyaran waya a Adum

Ƙanena mai gyaran waya a Adum, cikin Kumasi, ya ga bidiyon wayar wuta da ake ja kamar roba, fitila kuma ba ta mutu ba. Da dare ya tsare ni a gida a Aboabo.

Yaya, wane irin ƙarfe ne wannan?

Galiyam ne. Yana narkewa a digiri 29.8, zafin tafin hannunka ma ya ishe shi. In an gauraya kashi 75 nasa da kashi 25 na wani ƙarfe mai suna indiyam, yana zama ruwa-ruwa sai sanyi ya sauko wajen digiri 15. Wurin tace boksait ake samunsa, dutsen alminiyam irin wanda ke Awaso da Nyinahin a nan Ghana, amma China ce ke fitar da mafi yawan galiyam.

Ba zaibar 'yan galamse masu haƙar zinariya ba ce?

A'a. Zaiba guba ce, tururinta ma cuta ne. Wannan ba ya tururi a zafin ɗaki.

To ina wahalar, tunda ƙarfe ne?

Kafin a buga shi kan roba kamar tawada, sai an farfasa shi ƙwayoyi ƙwayoyi da girgizar sauti. Da zarar ƙwaya ta shaƙi iska, sai ta yi wata 'yar fata ta tsatsa, kaurinta nanomita kaɗan (nanomita miliyan ne milimita ɗaya). Ka dubi buhun fiya wata: ruwa cike, amma na wannan leda bai san na waccan ba. Haka wuta ke tsayawa a bakin kowace ƙwaya. Fatar nan kuwa ita ke riƙe zanen kada ya malale, shi ya sa ba a son ta tafi gaba ɗaya.

Yaya ake fasa ledar?

Wasu dannawa suke yi, ko su ja robar har ƙwayoyin su fashe su haɗe. Wasu leza, wasu asid. Akwai masu daskarar da shi, domin galiyam kumbura yake in ya daskare, kamar ƙanƙara a kwalba. A 2018 masu bincike a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun nuna robar da ko an huda ta, ƙwayoyin gefen raunin ke fashewa su buɗe wa wuta sabuwar hanya. Dannawa ta fi arha, sai dai ban cika yarda da ita ba: yatsa ya taɓa inda bai kamata ba, layi biyu sun haɗe, ga shot.

Yaushe zai iso teburina?

Robar tana hannun masu ƙera mutum-mutumi mai laushi da filastar auna bugun zuciya. Ƙarfen kuwa ya iso: shi ke ɗauke zafi a cikin na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 5. In ka buɗe ta, kada ɗigo ko ɗaya ya taɓa alminiyam, ratsa shi yake har ya rugurguje.