Waiwaye: Tsakanin Katafila da Kayan Tarihi

Ranar 28 ga Oktoba 1932, Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya na lokacin, ya buɗe wani katafaren titi a tsakiyar birnin Rum, miƙaƙƙe daga dandalin Venezia har tsohon filin wasan Kolosiyam. Kafin a shimfiɗa shi sai da aka rushe unguwa sukutum, aka tashi mazaunanta, aka sare tudun Velia. Yawancin abin da aka tono na dandalolin sarakunan Rumawa an sake binne shi. Yau in mutum ya tsaya a bakin titin, ya leƙa dama zai ga ginshiƙai, ya leƙa hagu ya ga wasu, ragowar kuma tana ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

A wancan zamani mahukunta ci gaba suke kiran wannan. Tun 1857 sarkin Austiriya, Franz Joseph, ya ba da umarnin rushe ganuwar Biyana don a yi titin da ya kewaye birnin. A Beijin, masanin gine-gine Liang Sicheng ya yi ta roƙon a bar ganuwar birni a mai da samanta wurin shaƙatawa. Ba a ji tasa ba. Daga 1965 aka ci gaba da cinye ta saboda jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma a kan sawunta titin zobe na biyu yake kwance yanzu.

Abin da ya farkar da duniya madatsar ruwa ce. Da Masar ta tashi gina babbar madatsar Aswan, ruwa zai haɗiye wuraren bautar Abu Simbel. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi yekuwa a 1960, kuma tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka duwatsun, aka sake haɗa su mita 65 sama da inda suke. Wannan aiki na cikin abubuwan da suka share fagen yarjejeniyar kare kayan tarihin duniya ta 1972. Amurka kuwa, da manyan hanyoyinta suka yi ta ratsa tsofaffin unguwanni, ta kafa doka a 1966 cewa hanyar da gwamnatin tarayya ta sa wa kuɗi ba za ta taɓa wurin tarihi ba sai in babu wata mafita mai yiwuwa. A 1992 ƙasashen Turai suka sa hannu a Baleta ta ƙasar Malta cewa binciken abin da ke binne ya shiga cikin tsarin aiki da kasafinsa tun farko.

Dokokin sun yi amfani, amma a ganina sun bar ƙofa a buɗe. Sau da yawa sai an gama zana hanya, an biya diyya, ɗan kwangila ya girke katafila, sannan a kira masu binciken tarihi. Ga su durƙushe da ɗan cokalin gini da buroshi suna share ƙasa daga bakin tukunya, ga direba a bayansu yana duba agogo. Za su ɗauki hoto, su kwashe abin da ya kwasu zuwa gidan adana kayan tarihi, wurin kansa kuma ya tafi ke nan. Alhali lokacin da hanyar take zane a takarda, karkatar da ita aikin alƙalami ne kawai.

An gani a Giza. A tsakiyar shekarun 1990 titin zoben Alƙahira ya doshi filin dalar Fir'auna, UNESCO ta nuna ƙin amincewa, Shugaba Mubarak ya dakatar da aikin, aka sauya wa hanyar layi. A ƙasar Beliz kuwa ihu bayan hari aka yi. A 2013 wani kamfani ya sa injin haƙa ya rarake dalar Nohmul ta mutanen Maya, mai shekara sama da 2,000, don kawai ya sami tsakuwar cikon hanya.

Ban ce masu neman titi ba su da hujja ba. Wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoso da mara lafiya a mota ya san darajar hanya. Mutanen Dresden na Jamus da kansu suka kaɗa ƙuri'a a 2005 suka zaɓi gada mai layi huɗu a kan kogin Elbe. Saboda gadar, UNESCO ta cire kwarin kogin daga jerinta na wuraren tarihin duniya a 2009, aka buɗe gadar a 2013.

Rikicin Stonehenge na Ingila, wato da'irar manyan duwatsu da mutanen dā suka kafa, ya fi kowanne jan lokaci. Titin A303 yana wucewa dab da duwatsun, sai aka shirya binne shi cikin rami mai tsawon kusan kilomita 3. Masu adawa suka ce ramin ya yi gajarta, bakunansa biyu za su faɗo cikin filin da ake son karewa. Gwamnati ta amince a 2020, kotu ta soke a 2021, aka sake amincewa a 2023, sabuwar gwamnati ta janye aikin a 2024 saboda tsada. Har yau motoci na jan ciki a tsohon titin, direbobi na rage gudu suna kallon duwatsun ta taga.